Ƙuri'ar Tausayi da Tsadar Zama Mugu a Gidan Big Brother

A shekarar 2022 wata yarinya 'yar jihar Kogi mai suna Ilebaye Odiniya ta shiga gidan Big Brother Naija, ko wata guda ba ta rufa ba masu kallo suka sallame ta. Babu wanda ya tayar da jijiyar wuya a kan fitarta. Da shekara ta zagayo, masu shirin suka tattaro tsofaffin 'yan gidan da suka yi tashe domin su sake karawa, aka saka har da ita, mutane suna ta tambayar abin da ya kawo ƙaramar yarinya cikin manya. Ranar 1 ga Oktoban 2023 ita ce ta tashi da naira miliyan 120. Mercy Eke, wadda ta taɓa cinye gasar a 2019, ta zo ta biyu. Cee-C, wadda ambaton sunanta kaɗai kan tayar da ƙura a shafukan sada zumunta, ta zo ta uku.

Ilebaye ba ta sauya hali tsakanin zaman nan biyu ba. Hasali ma a farkon zama na biyu sai da aka yi mata gargaɗi biyu a lokaci guda bayan ta fizgi gashin Cee-C a wani faɗa, saura gargaɗi ɗaya a kore ta. Abin da ya juya mata al'amari wani dare ne cikin watan Agusta, lokacin da wani ɗan gidan mai suna Ike Onyema ya buɗe ma'ajiyarta, ya kwaso tufafinta ya watsar a ƙasa har cikin banɗaki, inda ake takawa da jiƙaƙƙun ƙafafu. Ta zo ta tarar da kayanta a haka, ba ta ɗaga murya ba. Kafin gari ya waye hoton ya zagaye wayoyin ƙasar nan, kuma duk wanda ya san zuciyar masu kallon wannan shiri ya san an gama gasar tun a daren. Ike ya so ya tunzura ta ne ta yi abin da za a kore ta, sai ga shi ya miƙa mata kuɗin da hannunsa.

Wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wannan labari tun kafin ya san talabijin. 'Yar Bora ce ake turawa rafi wanki, ita ake ba ƙanzo, 'yar Mowa kuwa tana ɗaki ana lallaɓa ta. Yaron da ke sauraron tatsuniyar ba ya tsayawa ya auna ko 'yar Bora ta fi 'yar'uwarta hankali ko iya aiki. Ya ga an cuce ta, shi ke nan yana bayanta har ƙurunƙus, kuma ba zai yi barci da daɗi ba sai ya ji 'yar Mowa ta gamu da gamonta. Ni a ganina abin da miliyoyin masu kaɗa ƙuri'a ke yi kenan a kowace shekara. Suna ɗauka hali suke aunawa, alhali neman wanda aka zalunta suke yi su ɗaukaka shi, da wanda ya yi zaluncin su rama masa. Masu shirin sun san da haka sarai, a kai suka gina kasuwarsu. Damuwata ita ce 'yar Mowa ta wannan tatsuniya mutum ce mai rai, da iyaye, da waya a hannu, kuma bayan an kashe kyamara sai ta fito ta zauna cikin mutanen da aka koya wa tsanarta.

Na san da yawa daga masu karanta wannan shafi ba sa kallon shirin, wasu ma ko sunansa ba sa son ji, saboda shigar banza da shaye-shaye da sauran abubuwan da ake nunawa. Ina tare da su a wannan ƙorafi. Amma 'ya'yanmu da ƙannenmu suna binsa a waya ko da babu tauraron ɗan'adam a gidan, don haka sanin yadda yake aiki ya fi kawar da kai amfani. A taƙaice, ana kulle matasa ashirin ko fiye a gida ɗaya na kusan mako goma, ba waya, ba labarin duniya, kyamarori na kansu dare da rana. Duk mako a fitar da waɗanda ke bakin kora, masu kallo su kaɗa ƙuri'a, daren Lahadi Ebuka Obi-Uchendu ya faɗi wanda zai kwashe kayansa. Wani ɗan ƙasar Holan, John de Mol, ya ƙirƙiro tsarin a 1999. Ya iso Najeriya a 2006, inda Katung Aduwak ɗan jihar Kaduna ya ci dala dubu 100, sannan aka ajiye shi har zuwa 2017 da kamfanin MultiChoice ya dawo da shi.

Tun dawowar, dubi waɗanda suka fi samun ƙuri'a da rata mai yawa. Efe Ejeba na 2017 da Turancin buroka yake magana, yana ta nanata cewa shi ɗan titi ne, a gidan da ake ganin wasu suna yi masa kallon ƙauye. Sama da rabin ƙuri'un ƙarshe nasa ne. Laycon na 2020 siriri ne, ranar da ya shiga gidan dariya aka yi ta yi wa kamanninsa da shigarsa a intanet. Ya nuna yana son Erica Nlewedim, ita kuma hankalinta yana kan Kiddwaya, ɗan wani hamshaƙin attajiri. Kafin ma a je ko'ina labari ya tsaru da kansa: ga talaka mai ilimi, ga ɗan masu kuɗi, ga yarinyar da ta zaɓi kuɗi. Da Erica ta sha ta bugu bayan casun daren Asabar ta zazzage wa Laycon zagi, har tana goranta masa ƙirar jikinsa, aka kore ta ranar 6 ga Satumba. Makonni uku bayan haka Laycon ya ci da kashi 60 cikin ɗari, gwamnan jiharsa ta Ogun ya ƙara masa da gida da naira miliyan biyar. Whitemoney na 2021 da tukunya ya ci gasar. Shi ke dafa wa kowa, yana ba da labarin ƙananan sana'o'in da ya yi kafin ya samu na kansa. Ranar da wani ɗan gida mai suna Pere ya zama shugaban gida ya cire shi daga kicin, yana cewa dabara ce yake yi da girkin, ranar ya tabbatar masa da naira miliyan 90 ɗin da aka saka.

Ba doka ba ce da ba ta karyewa. Miracle na 2018 matuƙin jirgi ne, babu wanda zai kira shi abin tausayi, Mercy kuma da ƙwalisarta da bakinta ta ci. Amma ko a waɗannan shekarun, in ka duba da kyau, ƙuri'ar ƙiyayya ta yi aiki: mutane da dama sun zaɓi wanda suka zaɓa ne don kada wadda suka tsana ta ɗauka.

Me ya sa tausayi ke da ƙarfi haka a akwatin ƙuri'ar wasa? Ina jin amsar tana cikin rayuwar mai kallon. Matashin da ya gama karatu ya shekara biyar yana yawo da takardu, ya ga ɗan wane ya samu aikin da ko jarrabawa bai zauna ba, in ya ga an raina Laycon kansa yake gani. Budurwar da manyan ma'aikata ke wulaƙantawa a wurin aiki ta ga tufafin Ilebaye a ƙasa, ta san wannan zafin. A waje babu abin da za su iya yi wa wanda ya cuce su. A nan kuwa ga mugu a gabansu, ga maɓalli a hannunsu, kuma ranar Lahadi za su ga sakamako, ma'aikacin kamfanin binciken kuɗi ya miƙa wa Ebuka ambulan a gaban kowa. Masu shirin sun ce an kaɗa ƙuri'a sama da miliyan 900 a 2020, a 2021 kuma ta haura biliyan ɗaya. Akan ɗauki waɗannan alƙaluma a gwada da zaɓen shugaban ƙasa na 2023, wanda ƙuri'unsa ba su kai miliyan 25 ba cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, a ce matasa sun fi damuwa da wasa. Gwajin bai yi daidai ba, domin a Big Brother mutum ɗaya na iya kaɗa ɗaruruwa. Sai dai akwai gaskiya a ƙarƙashinsa: mutane sun fi tururuwa inda suke jin hannunsu na tasiri.

To amma ko wannan ƙuri'ar ba daidai wa daida take ba. A shekarun farko naira 30 ake cirewa a kowane saƙon waya. Daga baya aka ɗaura yawan ƙuri'a da kuɗin da mutum ke biya wa na'urarsa: a lokacin mai ƙunshi mafi tsada na DStv yana da har 2,500, wanda ya shiga ta shafin intanet kawai yana da 100. Shi ya sa magoya baya ke kafa ƙungiyoyi, a yi karo-karo, a biya wa na'urori kuɗin wata don a samu ƙuri'u. Duk fushin da aka ji a kan wanda aka cuta, ƙarshensa kuɗi ne a asusun kamfani. Ga masu ɗaukar nauyi kuma, waɗanda a 2019 da 2020 kamfanonin caca ne, Bet9ja da Betway. Gidan da kowa ke zaune lafiya ba ya kawo musu komai. Dole a samu mugu, in babu a nemo shi.

Masu kare shirin sukan ce ai nan ba kamar sauran shirye-shirye ba ne, akwai tashar da ke nuna gidan awa 24, ba a yanke komai. Gaskiya ne akwai tashar. Amma allo ɗaya ɗaki ɗaya yake nunawa a lokaci guda, kuma akwai mutumin da ke zaune a ɗakin sarrafa kyamarori yana zaɓar wanda za a gani. In mutum biyu suna hirar arziki a lambu, wasu biyu suna cacar baki a kicin, kowa ya san inda kyamara za ta nufa. Sannan mutum nawa ne ke da awa 24? Mafi yawan masu yanke hukunci daƙiƙa arba'in suke gani a Instagram ko TikTok, an yanko daga tsakiyar rigima, an cire abin da ya jawo ta, an ɗora rubutu a sama da ke gaya maka abin da ya kamata ka ji. Kowane ɗan gida yana da mutanen da ke riƙe masa shafukansa a waje, aikinsu kenan su yaɗa abin da zai wanke nasu ya ɓata na wani. A cikin gidan kuwa an hana barcin rana, an raba mutane da 'yan'uwansu, ana haɗa su gasar da sai wani ya faɗi, daren Asabar a kawo giya, daren Lahadi Ebuka ya tono maganar da wani ya yi a bayan idon wani a gaban kowa. A 2021 har mutum biyu aka saka a gidan a asirce, Pere da Maria, waɗanda da farko ba cikakkun 'yan takara ba ne, aka ce sauran su gano su. Da aka kasa, aka ba su ikon zaɓar waɗanda za su tsaya a bakin kora. Wanda aka ba wannan matsayi tun makon farko, yaya za a yi ya fito da farin jini? Ko mai haƙurin cikinmu aka saka a irin wannan matsi na kwana saba'in, za a samu daƙiƙa arba'in ɗin da za a tsane shi da su.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun saba da tsanar bos. Amma Amrish Puri yana gama fim ya cire kayan wasa ya karɓi kuɗinsa ya tafi gida, kowa ya san aiki ya yi. Ɗan Big Brother da sunansa na gaskiya ake zaginsa, kuma alƙawarin da shirin ya yi wa mai kallo shi ne wannan da kake gani shi ne ainihin mutumin. Shi ya sa mai kallo ba ya jin ya yi laifi in ya bi shi har shafinsa da ashar. A ganinsa ba ƙage ya yi ba, shaida ne shi, da idonsa ya gani.

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai a jerin waɗanda aka fi tsana a wannan shiri: TBoss a 2017, Cee-C a 2018, Tacha a 2019, Erica a 2020, Beauty Tukura 'yar Taraba a 2022. Duk mata. Ba wai maza ba sa aikata abin ƙi ba. A 2017 an kori Kemen saboda ya taɓa TBoss tana barci ba da yardarta ba, laifin da ya fi duk wani zagin baki muni, amma sai ga mutane da yawa suna ɗora mata alhakin korarsa. Pere, duk da an ɗauke shi mugun shekararsa, magoya baya Janar suke kiransa, ana yaba masa da iya taku, ya kai zagayen ƙarshe ya zo na uku. Namiji in ya yi mugunta akan ce wasa yake bugawa. Mace in ta yi, sai a wuce abin da ta aikata a shiga jikinta, da tarbiyyar gidansu, da wa zai aure ta. Cee-C lauya ce. A makon ƙarshe na 2018 ta daɗe tana surfa wa Tobi Bakre baƙaƙen maganganu yana shiru, kuma abin da ta yi bai dace ba ko kusa. Amma watanni bayan an tashi daga gasar sai ga ta ta fito da wani saƙo da ta ce an aiko mata, ana barazanar watsa mata ruwan batir. Tacha kuwa, wani gori da aka yi mata a tsakiyar faɗanta da Mercy ya bi ta shekara da shekaru, mutanen da ba su taɓa tsayawa kusa da ita ba suna maimaita shi kamar sun tabbatar. Ranar da aka kore ta shekarunta 23. Beauty 24, Erica 26.

Daga nan kuma sai al'amarin ya juya ta inda ba a zata ba. Da zarar an kori muguwa, ta tashi daga mai zalunci ta koma wadda aka zalunta, domin yanzu ita ce babban kamfani ya wulaƙanta a gaban duniya, ita ce kowa ya taru a kanta. Tausayin nan da ya ɗaga abokin hamayyarta shi zai dawo ya ɗaga ta. Magoya bayan Tacha, da ke kiran kansu Titans, sun fi na wasu da suka ci gasar ƙarfi da naci. Na Erica, Elites, tun a makon korarta suka buɗe asusun tara mata kuɗi. Lokacin da aka bar Ilebaye a gida bayan ta fizgi gashi, su Titans ne suka fi kowa ƙorafi, suna cewa irin wannan laifin aka kori tasu a kai. Sai ka ga rundunoni biyu sun shekara suna yaƙi a Twitter a kan mutanen da ƙila su sun daɗe da shiryawa. Wasu za su ce to ai muguwar ma ta ci riba, ta samu mabiya da tallace-tallace. Wasu sun samu, babu musu. Amma suna ne da aka gina a kan rigima, dole a riƙa ciyar da shi da rigima, kuma a bayan kowace Tacha akwai goma da aka tsana aka manta, ba su samu komai ba sai tabo.

Birtaniya ta ga wannan juyi a kan mace ɗaya har sau uku. Jade Goody ta shiga Big Brother na can a 2002, jaridu suka mayar da ita abin dariya saboda ƙarancin iliminta da jikinta, daga baya jama'a suka so ta, ta yi arziki. A 2007 ta koma gidan a zagayen shahararru, ita da wasu suka taru a kan jarumar Indiya Shilpa Shetty da kalaman da aka ɗauka na wariyar launi ne. Hukumar Ofcom mai sa ido kan kafafen watsa labarai ta karɓi ƙorafi sama da dubu 40, kamfanin Carphone Warehouse ya janye tallafinsa, har Gordon Brown, ministan kuɗi a lokacin, da ke ziyara a Indiya sai da 'yan jarida suka tare shi da maganar. Shilpa ta ci gasar, Jade ta zama wadda aka fi tsana a ƙasar. A 2008 tana cikin irin wannan shiri a Indiya aka sanar da ita tana da sankarar bakin mahaifa. Ta rasu a Maris ɗin 2009 tana da shekara 27, kuma jaridun da suka yi ta yagar ta su ne suka cika shafukansu da yabonta. Mace ɗaya ce tun farko har ƙarshe, da kurakuranta da alherinta. Matsayin da aka ba ta a labarin ne ke sauyawa.

Shi ma wanda ya ci ba ya tsira. Ranar da aka miƙa masa cak, ranar ya fita daga sahun waɗanda ake tausaya wa. Efe ya fito ya shiga waƙa, mutanen da suka kwana suna kaɗa masa ƙuri'a su ne suka fara cewa bai iya ba, wasu har suna nadamar kuɗin da suka kashe. Whitemoney ya dawo a 2023 da tukunyarsa da barkwancinsa, babu abin da ya rage, sai aka ji masu kallo suna faɗin abin da Pere ya faɗa shekara biyu da suka wuce, cewa dabara ce. Bai kai zagayen ƙarshe ba, Pere ya kai. Wannan ya nuna mini ƙaunar da aka yi masa ta halin da yake ciki ce a lokacin, kuma matashin da ya ɗauka shi ake so zai sha mamaki in ya fito da hajarsa kasuwa.

Wani zai ce duk wannan nishaɗi ne, kowa da ƙafarsa ya shiga, ya sa hannu a takarda. Haka ne, da ƙafarsu suka shiga. Amma babu ɗan shekara ashirin da 'yan kai da zai iya kintata yadda ake ji in mutum dubu ɗari suka zage ka a yini ɗaya. A Japan, Hana Kimura 'yar kokawa ce da ke cikin shirin Terrace House. Wani abokin zamanta ya lalata mata kayan kokawarta a injin wanki, ta yi fushi ta kaɓe masa hula. Abin da ta yi kenan. Aka yi ta aika mata saƙonnin tsana ba dare ba rana, har ta ɗauki ranta a Mayun 2020 tana da shekara 22. Mahaifiyarta ta ce masu shirin ne suka zuga ta ta zafafa rigimar. A 2022 Japan ta tsananta dokar cin mutunci, hukuncin ya kai ɗaurin shekara ɗaya ko tarar yen dubu 300. A Birtaniya, mutum biyu da suka taɓa shiga Love Island, Sophie Gradon da Mike Thalassitis, sun mutu ta irin wannan hanya a 2018 da 2019. Ba a jingina mutuwar mutum ga dalili guda, kuma ba zan yi haka ba. Amma abin ya isa ya sa majalisar dokokin ƙasar ta buɗe bincike a 2019, daga 2021 kuma Ofcom ta wajabta wa gidajen talabijin kula da lafiyar tunanin mutanen da suke sakawa a shirye-shiryensu, da sanar da su haɗarin da ke ciki tun kafin su amince.

A nan gida muhawarar ba ta taɓa zuwa nan ba. Kullum a kan a rufe ko kada a rufe take tsayawa. A 2017 gwamnati ta damu ne da dalilin da ya sa ake ɗaukar shirin a Afirka ta Kudu. A 2019 ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi ta MURIC ta nemi a haramta shi saboda baɗala. Masu kare shi su ce yana samar da aikin yi, kuma wanda ba ya so ya toshe tashar. Ɓangarorin biyu duk sun tsallake yarinyar da aka fitar ta ƙofar baya da tsakar dare, aka miƙa mata wayarta, ta buɗe ta ga abin da ƙasa guda ke faɗi a kanta. Mu ma a Arewa da muke ganin mun tsame hannunmu, bai kamata mu yi saurin wanke kanmu ba. Mutumin da ba zai taɓa kunna Big Brother ba, shi ne zai tura guntun bidiyon wata 'yar fim ko 'yar TikTok zuwa zaure goma na WhatsApp, da tsinuwa a ƙasa, bai san farkon maganar ba, bai nemi sani ba. Yana jin yana yaƙi da ɓarna ne, kuma daɗin da yake ji na taruwa a kan mutum ɗaya bai bambanta da na mai kallon da yake ƙyama ba. Addinin da muke kafa hujja da shi ya hana gori, ya hana yaɗa abin da ba a tabbatar ba, ya hana bin diddigin aibin mutane, kuma bai ware 'yar wasa daga wannan kariya ba.

Tunda shirin yana nan, akwai tambayoyin da ya kamata hukumar NBC mai kula da kafafen watsa labarai ta sa MultiChoice ya amsa a rubuce, a bainar jama'a. Giya nawa ake shigarwa gidan a daren Asabar, kuma wa ke da ikon cewa ya isa? In an ga ana shirya wa ɗan gida makirci kamar wanda aka yi wa Ilebaye, a wane mataki ake shiga tsakani, ko sai an gama ɗaukar hoton? A 2021 wani ɗan gida, Kayvee, ya janye bisa shawarar likitoci, wanda ke nuna akwai masu duba lafiya a kusa. To wata nawa suke ci gaba da bibiyar wanda aka kora, kuma wa ke biya? In aka yi wa tsohuwar 'yar gida barazana da ruwan batir, kamfanin da ya ci ribar tsanarta zai tsaya mata wurin 'yan sanda da lauya, ko yarjejeniya ta ƙare ranar da ta fito? Hukumar da ke iya cin tarar gidan rediyo saboda kalma ɗaya da baƙo ya furta tana da ikon da za ta saka waɗannan sharuɗɗa cikin dokar watsa shirye-shirye kafin a buɗe gidan a zagaye mai zuwa.